Gidan da Aka Auna da Hannuwan Inna

Gwaggo Sepiah, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Gidan mahaifiyarmu ne a bakin teku, can ƙauyenmu a jihar Terengganu ta ƙasar Malesiya, gidan katako a kan ƙafafu. Tun rasuwarta ba mai kwana a ciki. Teku kuwa sai matsowa take yi, bara ta cinye bishiyoyin kwakwar da muke shanya kifi a ƙarƙashinsu. Yayana Mazlan ya ce a rushe, a gina na siminti can baya, a sa manyan gilasai masu kallon ruwa. Wai ya gaji da buga goshi a ƙofa. To wa ya aike shi tsawo?

Kin san yadda ake yi a da, da gabar uwargida ake auna gida. Baba ya sa Inna ta ware hannuwanta, kafinta ya yanki igiya daidai nan, da ita aka fitar da komai. Ita kuwa 'yar firit ce, shi ya sa komai namu ƙarami. Tagar kicin gabarta ɗaya ce cif. Duk zuwan da na yi daga Johor inda nake zaune, nan nake tsayawa in ware hannu, yatsuna su taɓa gefe da gefe, sai in ji kamar Inna ce ta rungume ni. Wallahi kewarta na cina. Hoto ma ba mu da na kirki, ba ta yarda a ɗauke ta. Mazlan ya ce katako nake wa kuka. Ya ba ni wa'adi zuwa kafin damina. Ni ce na cika rigima?

Mai Kewa, Johor

'Yata, ba ki cika rigima ba, amma ki yi wa Mazlan adalci. Ke kina Johor, shi ke fita cikin iska yana ɗaure rufi. Kuma gaskiyarsa, in gidan ya kai damina biyu a wurin nan, teku za ta raba muku gardama.

Inda ya kuskure shi ne maganin da ya kawo. Gishiri yana cin rodin cikin siminti har bango ya tsage, gilashi mai fuskantar ruwa kuma iskar damina za ta gwada masa ƙarfi. Tsofaffinmu ba don ƙin kallon teku suka juya mata ƙeya ba.

Ki nemo tsohon kafinta ya duba. Irin gidan nan da turakun katako ake haɗa shi, ba da ƙusa ba, don a iya kwance shi ko a ɗauke shi ɗungurungum. Ku zura gora a ƙarƙashi, ki dafa shinkafa da kifi mai yawa, mazan ƙauye su kai shi bayan fili a kafaɗa. A sauya ƙafafun da suka ruɓe, kada ƙusar ƙarfe ta shiga. Ki sakar wa yayanki ƙofar, a ɗaga masa ita, a yi masa baranda ta gefe ya sha kallonsa. Tagar kicin kuwa kada a taɓa.

In za a ƙara ɗaki, kada ki bari a ciro tef ɗin awo. Ki ware hannuwanki a yanki igiya. Wata rana wani zai tsaya a tagar sabon ɗakin yana neman ki.

Allah ya jiƙan Inna, ya daidaita tsakaninku.

Gwaggo Sepiah