Tabarmar Ibu a Ƙarƙashin Gado

Zuwa ga ƙanwata Darsih,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a Taiwan. Kada hankalinki ya tashi: jinin mahaifinmu Bapak ya hau, ƙafarsa ta hagu ta saki, an kwantar da shi a ɗakin asibitin da nake aikin jinya. Na ɗaura masa zare rawaya a hannu, alamar mai iya faɗuwa. Mahaifiyarmu Ibu kuwa tana kan tabarma ƙarƙashin gadonsa, ko tari ya yi ta miƙe.

Sai dai ranar Litinin masu tantance asibitoci za su zo. Shugaban asibiti ya ce a naɗe tabarmi, dangi su fita waje har baƙin su tafi, wai ɗaki ya yi kama da kasuwa. In muka faɗi tantancewar, inshorar gwamnati za ta janye, talakan garin nan ba shi da wani asibitin. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki, Wuryani

Mbak Wuryani, yayata,

Ina gaisuwa, amma wallahi raina a ɓace yake. Ku kori Ibu? Wannan allon da kuke taƙama da shi a ƙofa, wai bana ba wanda ya faɗi, aikin wa ne? Ku ma'aikatan jinya biyu a ɗaki guda cike da gadaje? Matan kan tabarma ne suka riƙe muku shi! Ni da nake rainon tsohon wasu na sani, ƙiftawar ido ta isa. Kuma kin san Bapak, ya gwammace ya mutu da ya ce 'yarsa ta kai shi bayi. Ki bar masa matarsa, don Allah.

Darsih

Darsih,

Ina fata kina lafiya. Ni dai ba lafiya ba. Ibu ta fita, ta zauna gindin mangwaro rungume da tabarmarta. Da hantsi ina can kusurwa ina nuna wa mai tantancewa yadda muke wanke hannu, tana murmushi tana ba ni maki. Sai na ji ƙara. Bapak ne a ƙofar bayi. Ƙararrawa tana gefen matashinsa, bai taɓa ta ba. Ƙugunsa ya karye.

Kafin matar ta juyo an ja labule, aka ce mata tire ne ya faɗi. Gobe za ta tambaye ni mutum nawa suka faɗi a ɗakina. Shugaba ya tare ni ya ce, "Ki tuna da mutanen gari." Tsoro nake ji.

Wuryani

Darsih,

Mai tantancewa ta tambaya. Na ce mata, "Ɗaya, mahaifina, jiya, kina tsaye." Sakamako sai wata mai zuwa, kuma shugaba ya daina amsa gaisuwata.

Ibu ta dawo ta shimfiɗa tabarmarta, ba wanda ya ce ta naɗe. Ba ta da wanda za ta riƙe kuma, likita ya ce Bapak ba zai sake takawa ba.

Ki huta lafiya.

Wuryani