Sanyin Ɗakin Mahir

Lafiya, Talata

Baban Mahir,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Agyaragu? Na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda ne tunda ka daina ɗaukar wayata.

Maganar esin ɗakin Mahir ce, wato na'urar sanyin nan. Tun da ka haɗa akwatin nan mai raba wa gidajen rukuninmu lokacin kunna esi, kowa da layinsa, don kada nauyi ya taru wa taransifoma da tsakar rana, ba ta sake ƙonewa ba. To amma layin ɗakin Mahir yana nan bayan azahar, yadda ka sa shi don ya taso makaranta ya tarar da sanyi. Yaro yana kabari tun kafin azumi, esi bai sani ba. Kullum sai ya kunna kansa.

Doofan ta gidan sama ta haihu. Rufin kwano ne a kansu, jaririyar duk ta feso da ƙurajen zafi, ga layinsu sai bayan la'asar. Mijinta Terlumun ya zo jiya yana ta sunkuyar da kai, wai ko za a ba su namu. Lambar sirrin akwatin tana wayarka. Don Allah ka mayar musu.

Ka huta lafiya.
Matarka, Rahmat

Agyaragu, Alhamis

Maman Mahir,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo. Allah ya raya jaririyar.

In an ƙara musu ba a cire namu ba, taransifoma za ta tafi, na san wannan sarai. Amma ba zan iya ba. Kullum bayan azahar nakan ajiye aiki in buɗe waya, in ga ɗakinsa ya fara jan wuta. A wannan ɗan lokacin sai in ji kamar yana hanya da jakarsa. Abin da ya rage mini ke nan.

Kuma ke ma ai soket yana gabanki. Ina gani daga nan, ko sau ɗaya ba ki taɓa kashe shi ba.

Ki ba su haƙuri. Su sayi fanka mai caji.
Kamal

Lafiya, Asabar

Baban Mahir,

Bayan gaisuwa. Fanka mai caji? Haba. Kai da ka bi gida-gida kana cewa wuta kamar tuwon gida ce, in ɗaya ya yi babbar loma wani ya kwana da yunwa?

E, ban kashe ba. Da na ji ya tashi nake shiga in zauna bakin katifarsa in yi kukana har ya tsaya. Kai kana kallon waya a can, ni ce a cikin sanyin ni kaɗai. Amma yanzu ina zaune a ciki, kukan jaririyar nan yana sauko mini ta silin, har muryarta ta dishe. Namu ba ya jin zafi kuma, tasu tana ji. Wallahi sanyin ya fara yi mini kama da sata.

Ba na fushi da kai. Zuciyata ce ta gaji.

Rahmat

Agyaragu, Lahadi

Maman Mahir,

Na gaishe ki. Na mayar musu, daga gobe zai fara. Sai da akwatin ya tambaye ni ko na tabbata zan goge sunan ɗakin. Na daɗe a kan wannan tambayar.

Ki yafe mini.
Kamal

Lafiya, Litinin

Baban Mahir,

Sallama. Bayan azahar na shiga na zauna kamar kullum. Bai tashi ba. Na ji na sama ya kunna, can kuma kukan ya tsaya. Doofan ta sauko da yamma ta yi godiya.

Ɗakin akwai zafi sosai yanzu, kuma gobe ma na san zan shiga. Ka dawo gida mu zauna a ciki tare.

Taka,
Maman Mahir