Kar Ka Ƙara Ba Su Maganin Tumaki

Baba,

Na tafi birnin Christchurch da Pipi, 'yar cincilarmu, dabbar nan mai kama da zomo, wurin likitan dabbobi. Kana can wurin tumaki, ban iya jiranka ba.

Cikin 'ya'yan cincila ukun nan, ɗaya ya mutu da safe. Ta biyu, Pipi, tana zawo, cikinta ya kumbura. Na ga kwalbar penisilin ɗin tumakinka a bayan keji. Jiya da suke atishawa ka ce, "Shekara biyar kina karatu a Scotland, 'yar nan, mura ta gagare ki?" Ashe ɗura musu ka yi. Maganin nan in ya bi ta bakinsu, kashe ƙwayoyin da ke narkar musu da abinci yake yi. Na ɗauke kwalbar.

Saura ƙaramin, Kumara. Bai fara zawo ba, amma uwar ta ƙi shayar da shi. Madarar akuya tana cikin firij. Ka ɗumama, ka ba shi da sirinji duk awa biyu, ɗigo-ɗigo, kar ya shaƙe.

Ba ni da kowa sai kai. Ka raya marayun tumaki ba adadi. Wannan bai fi ƙwai nauyi ba, Baba. Yi a hankali.

Huhana