An ƙone hotunan 'yata ban sani ba

Assalamu alaikum, Malama Sakina. Ina roƙon ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cikina na kasa faɗa wa kowa.

Ni malamin lissafi ne a lise, wato makarantar sakandare, na ajiye aiki, ina zaune a Harobanda. Yau kwana talatin da uku da rasuwar 'yata Anisa, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta yi shekara tara tana buga tenis a ƙasashen waje. Ba ta yi suna ba. Matsayi mafi girma da ta kai shi ne na 712 a duniya, kuma sau da yawa a zagayen farko ake fitar da ita. Duk da haka babu wasanta da ban rubuta a kaye, littafin rubutuna, ba: gari, kwanan wata, sakamako. Da gwiwarta ta lalace sai ta dawo gida, tana koya wa 'yan mata wasan a wani tsohon fili a Kirkissoye.

Bayan sadakar bakwai mata suka raba tufafinta, kamar yadda aka saba. Ban sa baki ba, ba hurumina ba ne. Sai shekaranjiya a kan gada na ga wata ɗalibarta rataye da raket mai jan zare a mariƙi. Anisa ce ke ɗaura wannan zaren. Na dawo na buɗe akwatinta. Babu raket ko ɗaya, babu hoto ko ɗaya.

Yayata Adama ta ce ita ta ƙone hotunan, wai duk idon da ya kalli ƙafafun mamaciya a buɗe nauyi ne a kanta a kabari. Raket ɗin kuwa, matata Rabi ce ta raba wa ɗaliban. Ban yi mamakin Adama ba, ba ta taɓa son wasan ba. Abin da ya karya ni shi ne Rabi ce ta miƙa mata makullin akwatin. Rabi, wadda duk tafiya take cusa wa yarinyar nan kilishi a jaka. Kwana ashirin da shida tana ajiye mini abinci, ba ta ce komai ba.

Ban ɗaga murya ba. Ina gaishe ta, ina amsa gaisuwarta. Amma na yanke cewa bayan sadakar arba'in zan koma Tahoua wurin ƙanena, in bar mata gidan. Ko na yi daidai?

Mahaifin Anisa, Harobanda

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Anisa, ya ba ku haƙuri.

An yi maka ba daidai ba, wannan babu shakka. Hotunan nan na ku biyu ne, bai kamata a taɓa su ba ka sani ba. Maganar Adama ma ka kai ta gaban malamin da ka amince da iliminsa, kada ka bar ta a matsayin hukunci.

Amma sake karanta wasiƙarka. Matar da ke jin kunyar wasan 'yarta, da ta haɗa har raket ta sa wa wuta. Rabi ba ta yi haka ba, ta ɗauka ta miƙa wa 'yan matan da za su ci gaba da bugawa. Uwa ce da aka ce mata 'yarta na shan wahala a kabari, kwana bakwai da binne ta. Tsoro ya sa ta ba da makulli, kunyarka ta hana ta magana. Kai ma kwana biyu kana gaishe ta da tafiya a ranka, ba ta sani ba.

Kada ka tafi Tahoua. Tura saƙo ga ɗalibanta da abokan wasanta, za ka samu hotuna a wayoyinsu. Sannan, kafin arba'in ɗin, ka faɗa wa Rabi a fili cewa ta ɓata maka rai. In ta gama kukanta, ɗauko kayen nan ka karanta mata wasa bayan wasa. Kai ka riƙe sakamakon, ita ta san abin da yarinyar ke faɗa mata a waya duk ranar da aka fitar da ita. Rabin labarin Anisa yana wurinta, Malam.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya bar ku tare.

Malama Sakina