Ƙwayar Inna ta Maraice

Litinin, 2 ga Oktoba 2023
Sukarin Inna ya hau: 2,6 a awon safiyar yau. Watan jiya 1,4 ne. Majo, babban ma'aikacin jinyar asibiti, ni ya kalla, ba ita ba: "Madam Haske, tana shan metfomin ɗin kuwa?" Ta safe ni ke ba ta da hannuna. Ta maraice ita ke sha, lokacin ina gidan rediyo.

Laraba, 4 ga Oktoba
Na duba kwalin maganin. Biyu ke fita kullum, daidai. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, sai ƙanena Manzo ya zagaye Yamai kafin ya samo kwali guda. Na ce jabu aka sayar masa. Na kira shi na wanke shi tas.

Juma'a, 6 ga Oktoba
Ba jabu ba ne. Na dawo da wuri, na tarar Inna ta kwance bakin zane tana miƙa wa Dijatu ƙwayar maraice. Dijatu ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Wata guda ke nan ana haka.
"Ƙishirwa ka damun ta, ga hitsari, irin nawa sak," in ji Inna. "Goro guda munka saba rabawa, da naman layya, da turmin zane. Wanga na zan ɓoye mata?"
Na ce wannan ba goro ba ne. Na ce rabin magani zai sa sukari ya ci wa Inna ido da ƙafa. Da ƙarfi na faɗa. Dijatu ta ajiye ƙwayar bisa tabarma, ta fita ba sallama.

Asabar, 7 ga Oktoba
Inna ba ta yi mini magana.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Na kulle kwalin a akwatina. Shiri uku na yi a rediyo kan ciwon sukari, ga shi a ɗakin uwata ake rabon magani kamar goron suna. Ta sha a gabana, ta buɗe baki: "To zandarma, na haɗiye."

Talata, 10 ga Oktoba
Ta ƙi sha, safe da maraice. "In Dijatu ba ta samu ba, ni ma na ƙoshi." Ba wanda ya taɓa auna Dijatu. Wa ya ce ma sukari ne? In ƙodarta ba ta ɗauka fa? Na yi wa Inna bayani har sau biyu. Gyaɗa take ɓarewa.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Na ɗauki Dijatu a moto zuwa asibiti, don kawai Inna ta koma shan nata. A hanya ta riƙe ni gam, ta ce wata shida ta goya ni shekarar da Inna ta yi jinya. Na rage gudu.
Awonta 2,1, ita ma ya hau.
Na ba Manzo haƙuri, na ce ya nemo kwali biyu. Inna ta sha nata duka yau.
Majo ya ce ba zai rubuta wa Dijatu komai ba sai an sake awo ranar Litinin, kafin ta karya.