Gwiwar Baffa Ba Ta Nuna Ba Tukuna

Uwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin Baffa Mikail? Ya mutanen Koki? Na ji soja sun koma bariki, Allah ya zaunar da su.

Don Allah Baffa ya daina jiran sabuwar gwiwa daga Amurka. Gaskiya ne likitocin da nake wanke wa kwalabe suna kiwon ƙwayoyin halittar ɗan tayi, masu iya zama ƙashi, tsoka ko jijiya. Amma tun zuwana nake leƙa su, ko farce ba su zama ba. Suna kwance a akwati mai ɗumi ana ciyar da su, sak ƙanena Abdulbaqi.

Ni lafiya lau, sai sanyi. Na nemi wuri a akwatin, an hana ni.

Ki tashi Abdulbaqi ya kai Baffa asibiti, ko shi ya riga su zama wani abu.

Ɗanki mai neman albarka,
Nafi'u