Baƙin Danƙo a Tankin Uppa

Tanur, 4 ga Agusta

Ikka Saidalavi, yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin ƙasar Larabawa? Na san ko na kira ka a waya sai dai in yi ta ihu kana cewa "iye?", tunda injinan jirgin nan naku sun cinye maka kunnuwa. Shi ya sa na rubuto. Abokin aikinka Moidu zai taso jibi, shi zai kawo maka.

Ikka, kaina ya kulle. Kafin damina mijina, baban Shamna, ya cika tankin kwale-kwale fal da fetur, kamar yadda mahaifinmu Uppa ya koya musu, ya rufe da tamfol har wata biyu. Da teku ta kwanta suka fita shi da ƙaninmu Bapputti. Ba su yi nisa ba inji ya yi tari ya mutu, sai janyo su aka yi a gaban duk mutanen gaɓa. Makanike ya buɗe kafireto ya tarar da wani baƙin danƙo. Ya wanke tas. Washegari ga shi nan ya dawo. Muka aro injin maƙwabci, kwana biyu shi ma ya sheƙa lahira.

Makaniken ya dangwala yatsa, ya murza, ya ce, "Wannan mazarƙwaila ce. Wani ya zuba muku a tanki."

Ka san duk garin nan mutum ɗaya ne ke yawo da mazarƙwaila a aljihu don baƙin shayinsa, wato Bapputti. Kuma shi ke sayo mana mai. Kuma, Allah ya shirye shi da bakinsa, kafin damina sun yi cacar baki da baban Shamna kan fita a ranar iska, ya ce, "In Allah ya yarda kwale-kwalen nan ba zai ƙara motsi ba!" Mutum ashirin sun ji.

Na tambaye shi. Ya ce, "Ke ma?" Ya ajiye farantin rogo da kifin da na zuba masa ya fita.

Dattawan gaɓa za su zauna a barandar masallaci ranar ashirin da tara ga wata. In suka same shi da laifi, babu kwale-kwalen da zai sake ɗaukarsa daga nan har Ponnani, ga 'ya'ya uku. Ni ban san wa zan yarda da shi ba. Mijina ba ya ƙarya, ƙanina ba mugu ba ne, danƙo kuma na gan shi da idona.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Nabisu

*

Bakin aiki, 12 ga Agusta

Zuwa ga Nabisu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Ki karanta wannan a tsanake, kada ki tsallake layi kamar yadda kika saba.

Na ɗaya, mazarƙwaila ba ta narkewa a fetur. Gara makanikenku ya koma gyaran keke.

Na biyu, man da ake sayarwa a gida yanzu ba irin na zamanin Uppa ba ne. Ana gauraya shi da wani sinadari mai suna itanol, wanda ake tacewa daga rake da hatsi. Yana jan ruwa daga iska. In ya daɗe a ajiye, ruwan ya kwanta a ƙasan tanki, inji ya sha. Yana lausasa tsohon tiyo. Abin da ya fi damuna, yana cin tsohuwar faiba, irin wadda ake ƙera jikin kwale-kwale da ita. Tankin nan Uppa ne ya ƙera shi da faiba da hannunsa shekara talatin da suka wuce, ni na riƙe masa gwangwanin ƙaro. Ina zargin bangon tankin ne ke narkewa yana bin mai zuwa inji.

Na uku, ki samu kwalba biyu ki zuba musu sabon fetur. A ɗaya ki jefa mazarƙwaila. A ɗaya ki sa ɗan ɓawon da za ki kankaro daga bakin tankin. Ki rufe, ki ajiye nesa da murhu, ki nuna wa mijinki Hamsakoya.

Ki gaya wa Bapputti na ce bakinsa ne ya ja masa, amma ban yarda ya aikata ba.

Wassalam.
Yayanki, Saidalavi

*

Tanur, 19 ga Agusta

Ikka,

Sallama da fatan alheri. Ban tsallake layi ko ɗaya ba, amma wasiƙarka ƙara dagula lamarin ta yi.

Na karanta wa baban Shamna. Da na zo wurin rake sai ya buga cinya. "Kin ji ko! Yayanki ma ya ce akwai rake a ciki!"

Na ce, "Ba haka ya ce ba, a gidan mai ake zubawa."

Ya ce, "To wa ke zuwa gidan man?"

Ya ce in man ne, me ya sa babur ɗinsa ke tafiya lafiya lau da shi? Me ya sa kwale-kwalen abokinsa Alikutti ba ya tari? Na je na leƙa, na Alikutti jarkar roba ce yake ɗaurawa. Na dawo na faɗa masa, ya ce yanzu kuma na zama injiniya.

Kwalaben ma sun ƙi taimakona. Mazarƙwailar tana nan a ƙasa kamar dutse, gaskiyarka. Amma ɓawon tankin, kwana biyar, man ya ɗan yi duhu ne kawai. Ni ina ganin ya yi duhu. Shamna ta ce bai yi ba. Matar liman ta ɗaga a rana ta ce ya yi, ta juya ta ce a'a. Har ta kawo shawarar a yi wa injin tofi, wai baki ne.

Na kai wa dattijo Koyamu, shi ne babba a zaman. Ya juya kwalbar ya ce, "'Yata, ba a wanke mutum da kwalba. In tankin ne, a buɗe tankin." Ka san a ƙarƙashin daɓen jirgi yake a manne. Buɗe shi yanka shi ne, ba kuma zai gyaru ba. Baban Shamna ya ce ko ya mutu ba zai sa zarto a aikin surukinsa ba. Shi ne abu na ƙarshe da Uppa ya yi kafin hannunsa ya shanye, kuma ni ya yi wa, ranar da aka kai ni ɗaki.

In aka yanka aka tarar da shi garau fa? Na rasa tankin, na kuma tabbatar wa duniya ƙanina ne. Tsoro nake ji, Ikka. Matar Bapputti ta daina amsa gaisuwata a bakin famfo.

Ka amsa da wuri.
Nabisu

*

24 ga Agusta

Nabisu,

Salam. Rantsuwa ba zan yi miki ba, ban ga tankin ba. Cikin goma ina da tabbacin takwas cewa tankin ne. Kwale-kwalen naki ne, Uppa ke ya ba, ba Hamsakoya ba, ba ni ba. Abin da kika yanke shi ne.

Saidalavi

*

Tanur, 30 ga Agusta

Ikka,

Assalamu alaikum. Takwas cikin goma! Haka ake kwantar wa mutum da hankali a wurinku?

Jiya bayan sallar Juma'a dattawa suka zauna. Bapputti na tsaye ya harɗe hannu. Ni kuwa na aro zarto wurin kafinta, na naɗe a mayafi, na tsaya daga bakin ƙofa na ce su zo gaɓa. Baban Shamna ya ce, "Nabisu, kin haukace?" Na ce mai yiwuwa.

Aka tsiyaye man. Na ƙarshen da ya fito rabi ruwa ne. Aka wanke tankin, aka cika shi da ruwan teku don gudun wuta. Da baban Shamna ya ga da gaske nake, sai ya karɓi zarton ya ce, "Kawo, za ki yanke yatsa." Shi ya yanka.

Ikka, cikin ya yi laushi kamar ƙullin burodi. Ya sa hannu, bangon ya biyo yatsunsa, baƙi ƙirin. Ashe Uppa ya rubuta bisimilla da sunana a bangon ciki kafin ya shafe da ƙaro. Harafi biyu ne suka rage. Na zauna a kan rairayi na yi kuka, ban san ko na tankin nake yi ba ko na Bapputti.

Koyamu ya ce magana ta ƙare. Makanike ya sulale. Bapputti ya dubi mijina, ya dube ni, ya ce, "Sai da kuka yanka Uppa kuka yarda da ni." Ya tafi. Gaskiyarsa, don ni ma na tambaye shi ranar nan.

Har yanzu ban gane ba. Shekara talatin ana cika tanki kafin damina, daidai ne. Bana an cika, ya zama laifi. Babu wanda ya canza komai a gidan nan.

Ka yi mana addu'a.
Nabisu

*

Tanur, 3 ga Satumba

Ikka,

Salam. Ni ne Bapputti. Ka san ni da rubutu.

Jiya Hamsakoya ya zo gidana. Bai ce in yafe ba. Ya zauna, ya sha shayi, ya nemi in gutsuro masa mazarƙwaila. Da zai tafi ya bar sababbin jarkokin roba biyu a bakin ƙofa, ya ce ranar Asabar za a fita, in sayo mai.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma yau na zaga gidan mai huɗu har Tirur, duk iri ɗaya suke sayarwa, mai itanol ɗin nan.

Wanne zan saya?

Ƙaninka